Tambaya da Amsa: Kwamfutata tana mutuwa da kanta idan rana ta take

Wasiƙun da suka shigo mini a wannan wata kusan duk kuka ɗaya suke yi, kuma ban yi mamaki ba tunda bazara ta kankama. Na ɗauki guda uku. Ta farko ce za ta ci mana fili, domin amsarta ta shafi mutane da yawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Gusau. Kwamfutata ta tebur ce, ta hannu na saya shekara 3 da suka wuce, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-3470 ce. Tun da hunturu ya wuce take ba ni wahala. Da safe lafiya lau take aiki, amma daga ƙarfe 12 zuwa la'asar sai fankarta ta riƙa ƙugi kamar injin markaɗe, aiki ya yi nauyi, can sai ta mutu ɗif. In na kunna nan take, ba ta minti 5 sai ta sake mutuwa, dole sai na bar ta ta huta. Wani mai gyara ya sake ɗora mini Windows, ba ta daina ba. Yanzu ya ce furosesar ce ta ƙone, in kawo kuɗin wata. Na cire murfin gefe na saita mata fankar tsaye, ta ɗan yi sauƙi. In sayi furosesar ne, ko in rabu da kwamfutar gaba ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka sayi komai tukuna. Furosesar da ta ƙone ba ta yi wa mutum aiki tun safe har azahar. Ko dai kwamfutar ta ƙi tashi sam, ko fanka ta juya allo ya tsaya baƙi ƙirin. A shekarun da na yi ina buɗe cikin kwamfutoci a nan Kano, furosesar da na tarar ta lalace da gaske zan iya ƙirga su da yatsun hannuna. Taka da ranta, kuma wannan mutuwar da take yi ita ce ma shaidar lafiyarta.

Ga abin da ke faruwa. A cikin furosesa akwai ma'aunin zafi, kuma akwai iyakar da masu ƙera ta suka gindaya mata. Irin taka, wadda Intel ya fitar a 2012, iyakarta digiri 105 ne a ma'aunin Selsiyas, wato ta wuce zafin tafasasshen ruwa. Idan ta kusanci wannan iyaka sai ta rage gudunta da kanta don ta huce, shi ne nauyin da kake gani, ka danna abu ka zauna jira. Idan rage gudun bai wadatar ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya kafin ta illata. Shi ya sa in ka kunna nan take take sake mutuwa, ƙarfen bai huce ba. Sake ɗora Windows ba zai taɓa wannan ba, ba a nan gizo yake saƙar ba.

Ka tuna tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda in ya yi minti 10 a kunne ba ka isa ka kama shi da hannu ba? Furosesarka an yi mata lissafin fitar da zafin da ya kai wat 77 idan aiki ya yi mata yawa, kuma duk daga ɗan wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Wannan zafi dole ya sami hanyar fita. Daga furosesa yana shiga wani ɗan mai da aka shafa a bayanta, daga man ya shiga ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari da ke zaune a kanta, wanda masu gyara ke kira hitsink, fanka ta hura iska ta tsakanin haƙarƙarin, iskar ta fice daga akwatin ta shiga ɗaki. Ruwa ba ya tsami banza: duk kwamfutar da ke zafi, wani wuri ne ya toshe a wannan hanya. Aikinmu mu gano wurin.

Amma kafin ka taɓa sukundireba, ka auna. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe daga duk abin da zan faɗa, domin rashin aunawa ne yake sa mutane sayen abin da ba su buƙata. Ka sauke manhajar Core Temp ko HWMonitor, kyauta ne, kuma ka ɗauko su daga shafin masu su kai tsaye. Ka buɗe da safe da zarar ka kunna, ka rubuta lambar a takarda. Ka sake dubawa da ƙarfe 1 na rana kana tsakiyar aiki. A irin yanayinmu, in kwamfuta tana zaune ba ta komai, digiri 40 zuwa 50 ba abin damuwa ba ne. In tana aiki tuƙuru, 70 zuwa 80 ana iya zama da shi. In kuwa ka ga tana haura 90, ko tana nuna 70 alhali ko shafi ɗaya ba ka buɗe ba, to mun kama ɓarawon. A lokaci guda ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai buɗe, ka duba ko akwai wata manhaja da ta riƙe furosesar a kashi 90 ko 100 kai kuwa ba ka sa ta aiki ba. Ina yawan ganin haka a shagunan da ake ɗora manhajojin sata, wasunsu da ƙwayar cuta suke zuwa, mai haƙar kuɗin intanet wa wani da wutarka da furosesarka.

Ni dai zargina na farko ƙura ce, domin ka ce bayan hunturu abin ya fara. Wata uku iska tana kwaso ƙura, fankar kwamfutarka tana zuƙa daga safe zuwa dare. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, in sun leƙa ciki sai su ga ba laifi, su goge abin da ido ya gani su rufe. Ƙurar da ke kashe kwamfuta ba a fili take ba, tana tsakanin fanka da haƙarƙarin hitsink. Kwanakin baya wani mai kafen intanet ya kawo mini tasa, yana rantsuwa cewa duk sati yana goge ta. Da na kwance notuna huɗu na ɗaga fankar, sai ga ƙura ta daskare ta zama kamar ɗan bargo mai ruwan toka, kaurinta ya kai na kwali. Na sa farce na kama gefe, ta taso gaba ɗaya a haɗe da zanen haƙarƙarin a jikinta. Fanka tana ta juyi, ko ɗigon iska ba ya wucewa. A kusurwar akwatin kuma zanzaro ya gina ɗakinsa na laka, daidai kan ramukan da iska ke fita. Muna cire waɗannan biyun zafin ya sauko da fiye da digiri 20, ban canza masa komai ba.

Ga yadda za ka yi. Ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga bayanta, ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa 10 don ragowar wutar da ke ciki ta fita. Ka fitar da ita waje inuwa. Kafin ka sa hannu ciki, ka taɓa ƙarfen akwatin, kuma ka riƙa maimaitawa. Ka san tartsatsin nan da ke yi wa mutum ƙyas in ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi lokacin hunturu? Busasshiyar iska ce ke tara shi a jiki, kuma ya isa ya kashe wani ɗan abu a jikin madabod, wato babban faifan da sauran kayan cikin kwamfuta suke haɗe a kansa. Ka sami bulowa ta lantarki da buroshin fenti sabo mai laushi. Lokacin da kake hurawa ka dafe fanka da yatsa ko ka soka tsinke tsakanin fukafukanta, kada ka bari iska ta wulwula ta, yana cinye mata gindi. Ka hura ta cikin haƙarƙarin har sai ka ɗaga ka hango haske ta ɗaya gefen. Ka hura fawa fak, wato ɗan akwatin da wayar wuta ke shiga yana raba wa kayan ciki wuta, ta ramukansa daga waje kawai, kada ka kwance shi, akwai wutar da ke kwana a ciki ko bayan an zare waya.

Kuma don Allah kada ka kai ta wurin mai faci. Na san ana yi, iskarsa tana da ƙarfi kuma ba tsada. Amma tankin kwamfuresa yana tara ruwa, wani lokaci har da mai, duk zai feso maka su a kan madabod.

Kafin ka rufe, ka jarraba fankar. Ka kaɗa ta da yatsa: mai lafiya za ta yi 'yan juyi sumul sannan ta tsaya, wadda ta gaji za ta cije ko ta yi gurnani ko ka ji tana lilo a gindinta. Ka bi wayarta ka tabbata tana zaune daram a mazauninta, wanda a yawancin madabod an rubuta CPU_FAN a gefensa. In sai an canza ta, ka tafi da tsohuwar kasuwa a hannunka, domin wasu kwamfutocin kamfani, kamar tsofaffin Dell OptiPlex, bakin wayar fankarsu mai ƙafa 5 ne, ba mai 4 da aka saba ba.

Sai batun mai, kuma a nan zan ɗan daɗe. Bayan furosesa da gindin hitsink a ido sumul suke kamar madubi, amma a zahiri cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In ka haɗa su haka nan, iska ce za ta cike ramukan, iska kuwa ba ta miƙa zafi. Man furosesa, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa tamal fes, ya fi iska miƙa zafi sama da sau 100, aikinsa ke nan, ya kori iskar ya maye gurbinta. Kwamfutarka ta haura shekara 10 da ƙerawa, kuma zai yi wuya a ce an taɓa canza mata shi. Idan ka ɗaga hitsink ɗin za ka gan shi ya bushe ya tsattsage kamar lakar bakin tafki a watan Afrilu, in ka taɓa ya riƙa marmashewa.

Ka bar kwamfutar ta yi aiki na minti 10 kafin ka kashe, don man ya yi laushi. Ka sassauta notunan hitsink kaɗan-kaɗan a gicciye, wannan kusurwa sannan mai kallonta, ka ɗan murɗa shi hagu da dama kafin ka ɗaga. Furosesar kuwa ka bar ta a mazauninta, kada ka buɗe maƙallinta. A ƙarƙashinta akwai 'yan siraran ƙafafu 1,155 a jikin madabod, in ɗaya ta lanƙwashe an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka jiƙa tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare da sifirit, ka goge tsohon man daga ɓangarorin biyu har su yi ƙyalli, ka bari su bushe sarai. Sannan ka ɗiga sabon mai a tsakiyar furosesar, misalin ƙwayar wake ƙarama, ɗigo ɗaya tak. Ba sai ka baza da yatsa ba, nauyin hitsink zai baza shi. Mutane suna ɗauka yawansa shi ne amfaninsa, har na sha ganin an lafta shi kamar ana shafa bota a burodi. Man bai kai ƙarfe miƙa zafi ba ko kusa, saboda haka in ya yi kauri tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya zama katanga. Ka mayar da hitsink a miƙe, ka ɗaure a gicciye har notunan su tsaya da kansu. In ka ɗaga shi bayan ka ɗora, sai ka goge ka sake daga farko.

In kwamfutarka ta haɗi ce ba ta kamfani ba, mai yiwuwa fankarta irin mai ƙafafun roba huɗu ce da ake dannawa. Waɗannan suna da wata matsala tasu. Kowace ƙafa tana da farin baki mai tsaga biyu wanda dole ya ratsa ramin madabod kafin baƙin tsinken ya bi ta cikinsa ya buɗa shi. Sau da yawa ɓari ɗaya na farin yana lanƙwashewa ya kwanta a saman madabod, mutum ya danna ya ji kamar ta shiga, alhali kusurwa guda a sama take. Ka kama hitsink ɗin ka girgiza a hankali. In ya motsa, bai zauna ba.

Mai kuma ka sayi na kirki, irin su Arctic MX-4, ɗan sirinji ɗaya zai yi maka shafi da yawa. In kana da mai zuwa Kano, a titin Beirut ana samu, sai dai a saya a shagon da aka yarda da shi domin akwai jabu.

Yanzu batun murfin da ka cire. Sauƙin da ka gani ya gaya mana gaskiya, cewa iska ce ba ta wadatar ba. Amma bayan gyara ka mayar da shi. Akwatin an tsara shi ne iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan kayan ciki, ta fice ta baya, kuma a buɗe ƙura da ƙwari za su fi samun hanya. Abin da ya fi shi ne ka duba inda ka ajiye ta. In a ƙasa take, ɗaga ta kan tebur. In a cikin ɗan kabad ɗin nan na teburin kwamfuta take, fito da ita, a ciki iskar da ta fitar ita take sake shaƙa. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango, kuma ka raba ta da injin hoton takardu, shi ma tanda ne. Yawancin irin waɗannan kwamfutocin ofis an rubuta a takardunsu cewa ɗakin da za su yi aiki kada ya wuce digiri 35. Kai kuwa a Gusau, a watan Afrilu, zafin waje yana haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa take ƙarawa. Kwamfutar da za ta yi shekaru da ƙurarta a wani ofis a Turai, a nan ba ta da wannan rarar. Shi ya sa nake gaya wa masu shaguna su hure nasu sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki lallai a ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kafin zafi ya sauka.

Saura abu ɗaya. In ka auna ka ga zafin bai wuce 65 ko 70 ba amma tana mutuwa, to furosesa ba ta da hannu, ka koma kan fawa fak. Shi ma yana da fanka, ka kara hannu a bayansa ka ji ko iska tana fita. Ka lura ko mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da injin hoto ya ja wuta ko janareto ya canza murya. Ka kuma duba 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a jikin madabod, in kan wani ya kumbura ko ya zubo da abu mai ruwan tsatsa, wannan aikin mai gyara ne. Ka rubuto mini lambobin da ka samu kafin gyara da bayansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Damagaram nake. Na cire fankar kwamfutata don in share, na goge man da ke kai, kuma ban sami wani a kusa ba. Wani abokina ya ce man goge baki yana yi. Gaskiya ne?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Kada ka sa. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, a ranar farko za ka ga zafin ya sauka, domin man goge baki yana da ruwa kuma ya cike ramukan. Amma ruwan nan zai ƙafe cikin 'yan kwanaki, ya bar maka busasshen alli a tsakani, zafin ya dawo fiye da da. Kuma in ya tsiyaya gefe yana iya cin ƙarfe ko ya haɗa wuta. Haka ma giris da man shafawa, su narkewa suke yi su gudu. Ka bar kwamfutar a kashe har ka sami na gaske, ko saƙo ne ka bayar wa masu zuwa Kano ko Maraɗi. Kwana 3 ba aiki ya fi sauƙi a kan sayen madabod. Kuma kada ka ce bari ka kunna ta ba hitsink na ɗan lokaci don ka gwada, cikin daƙiƙu kaɗan take kai iyakarta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina karatun zanen gine-gine. An haɗa mini sabuwar kwamfuta mai Ryzen 5 7600X. Duk lokacin da na sa ta fitar da hoton zane sai zafin ya tafi 95 ya tsaya a nan. Ba ta mutuwa, ba ta nauyi, amma hankalina ya tashi saboda kuɗin da iyayena suka kashe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki kwantar da hankalinki, taki daban take da ta mai shagon Gusau. Wannan jerin furosesa da AMD ya fitar a 2022 haka aka tsara shi: yana ƙara gudu har sai ya taɓa digiri 95, sannan ya tsaya a nan yana aiki, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa hakan ba matsala ba ne. Abin da za ki duba shi ne gudunta a wannan lokaci. Ki buɗe manhajar HWiNFO tana tsakiyar aiki, in kin ga tana kusa da gigahaz 5, lafiya lau. In kuwa gudun ya faɗi ƙasa sosai, ko tana nuna 80 ba ta aikin komai, to a ɗaga hitsink a duba gindinsa. Sababbi suna zuwa da 'yar leda mai ɗaukar ido manne a wurin, kuma sau biyu ana kawo mini sabuwar kwamfuta da ledar a ciki, an shafa mai a kanta an ɗaure. In mai sanyaya ta irin ta ruwa ce, ki kara yatsa a kan famfon da ke bisa furosesar, ya kamata ki ji ɗan kaɗawa.

In duk wannan lafiya ne amma ƙarar fanka ko lambar tana damunki, ki sa wanda ya haɗa miki ya shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya kunna Eco Mode, wanda zai mayar da ita tsarin wat 65 maimakon 105. Zafin zai sauko sosai, saurin da za ki rasa kaɗan ne, kuma in da inbata kike aiki batirinki zai fi daɗewa.